Mai Yawan Mantuwa Ma Yana da Gurbi a Sahu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda barci ba ya ɗaukarSa, mantuwa ba ta riskarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mazauna Sabo da kewaye, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah. Nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wasu bayin Allah ne da ke cikinmu, muna sahu ɗaya da su, muna kasuwa ɗaya da su, wasunsu ma ƙarƙashin rufi ɗaya muke kwana, amma mun daɗe muna yi musu fassarar da ba tasu ba.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani magidanci ya zauna har masallaci ya watse. Ya ba ni izinin in ba da labarinsa, da sharaɗin kar in kama suna. Ya haura shekara arba'in, yana harkar albasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa ina tsoron ko munafuki ne ni ban sani ba."

Na ce subhanallah, me ya kawo wannan magana?

Ya ce da wuya ya idar da salla shi kaɗai yana sane da raka'a nawa ya yi. Huɗuba kuwa, kafin liman ya gama gabatarwa hankalinsa ya kai Illela ya dawo. Sau uku maigidansa yana ba shi jari, sau uku jarin yana narkewa, alhali ba ya caca, ba ya shaye-shaye, bai taɓa cin kwabon wani da gangan ba. Sai dai ya ba da kaya bashi ya manta wa ya ba. Ya ga kayan da ba su cikin lissafinsa, kafin ya yi tunani ya riga ya biya. Ya yi alkawari da zuciya ɗaya, sai bayan kwana biyu ya tuna. Matarsa ta gaji, ta ce ai da ya damu da ita da bai manta ba. A gida Arewa an ce kurciya aka yi masa, shi ya sa ba ya iya zama wuri guda. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Ya ce, "Malam, tun ina makarantar allo haka nake. Babu almajirin da ya kai ni shan bulala, kuma wallahi ba don ba na so ba ne."

Muka haɗa shi da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya, ya raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Bayan zama da dama da tambayoyi, har aka nemi yayansa ta waya aka tambaye shi yadda yake tun yana yaro, likita ya gaya masa abin da ke damunsa. Da ya dawo, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ashe abin yana da suna."

Mece ce wannan lalura?

Likitoci suna kiranta ADHD a taƙaice. Da Hausa za mu iya cewa lalurar kasa tattara hankali da rashin natsuwa. Tana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya, musamman ɓangaren da ke tsara aiki, da riƙe abu a rai, da taka wa mutum birki kafin ya aikata. Fuska biyu gare ta. Ta farko: mantuwa, ɓatar da kaya, fara aiki a kasa ƙarasawa, ana yi wa mutum magana hankalinsa na wani wuri, jinkirta duk abin da ke buƙatar dogon zama. Ta biyu: kazar-kazar, kasa jira, katse wa mutane magana, yanke hukunci cikin gaggawa. Wani fuska ɗaya ce ta fi bayyana gare shi, wani duka biyun. Mata da yawa ta farkon ce gare su, ba sa ƙiriniya, shi ya sa ba a lura, sai dai a ce wance shiririta gare ta.

Kar wani ya ce wayar salula ce ta kawo ta, ko sabon yayin Turawa ne. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya rubuta bayanin masu irin wannan hali. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa a yawancin al'ummomi tana samun kusan yara 5 cikin 100, da manya kusan 2 da rabi cikin 100. Ku duba yawanmu a masallaci ranar Juma'a, ku yi lissafi da kanku. Kuma tana bin jini ƙwarai. Sau da yawa uban da ke dukan ɗansa saboda ƙiriniya, da za a bincika, shi ma haka ya tashi.

Abin da ke rikita mutane shi ne, mai wannan lalura yana iya shafe awa huɗu a kan abin da ya ja hankalinsa, gyaran inji ko cinikin da ya yi zafi, ko abinci bai tuna ba. Sai a ce, "Kun gani ko? Da gangan yake yi." Alhali matsalar ke nan: hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannunsa yadda yake hannun sauran mutane.

Amma a yi hattara. Ba duk mai mantuwa ne ke da ita ba. Wanda ya kwana a kan tirela daga Sakkwato, wanda bashi ya hana shi barci, wanda damuwa ta yi wa katutu, wanda ke shan ƙwaya, duk za su yi mantuwa. Likita ba ya cewa ita ce sai alamomin sun faro kafin shekara 12, sun daɗe, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da kasuwa, kuma suna cutar da rayuwar mutum a zahiri. Saboda haka ba liman ke yanke wannan hukunci ba, ba mai kemis ba, ba bidiyon waya ba. Aikin likita ne.

Me addini ya ce?

Mu fara da tsoron da ɗan'uwan nan ya zo da shi. Munafuki yana sane yake saɓa alkawari, kuma ba ya zuwa wajen liman da daddare yana kuka. Mantuwa daban, ha'inci daban. Yau Juma'a, da yawanmu mun karanta Suratul Kahfi. A cikinta ne yaron Annabi Musa ya manta da zancen kifi, a cikinta ne Annabi Musa da kansa, Alaihis Salam, ya nemi Halliru kar ya kama shi da abin da ya manta. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah da kanSa Ya koya mana mu roƙe Shi kar Ya kama mu idan mun manta ko mun yi kuskure.

Ku dubi salla. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ja mutane ɗaya daga cikin sallolin rana, ya sallame a raka'a biyu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul Yadaini ya tambaya ko an rage sallar ne ko mantuwa ce. Annabi ya tambayi jama'a, suka gaskata shi, ya tashi ya cika, ya yi sujada biyu. Daga irin wannan ne muka samu ƙabli da ba'adi. Shari'ar da ta tanadi babi guda don gyaran rafkanwa ta san bayinta za su rafkana.

Malamanmu na Malikiyya ba su tsaya nan ba. Duk wanda ya karanta Risala ya ga sun ware hukunci na musamman ga wanda shakka ta aure shi: ya yi watsi da shakkar, ya yi ba'adi, ba sai ya yi ta maimaita salla ba. Wanda kuma rafkanwa ta zame masa jiki, ya gyara sallarsa, an ɗauke masa sujadar. A Ahalari mun koya tun muna yara cewa liman yana ɗauke rafkanwar mamu, in dai ba farilla ya bari ba. Idan kuma liman ne ya rafkana, na baya su yi masa tasbihi.

To, jama'a, ku tsaya a kan wannan. Sahu an gina shi ne a kan cewa wani zai manta, wani zai tuna masa. Ba a korar mai rafkanwa daga sahu, ba a yi masa dariya, ba a tsayar da salla a yi masa gori. Kalma ɗaya ake faɗa, ya gyara, a ci gaba tare. Shi ya sa na ce wa ɗan'uwan nan ya lizimci jam'i, domin abin da ke wahalar da shi shi kaɗai, a bayan liman an sauƙaƙe masa. Abin tambaya shi ne, me ya sa da zarar mun sa takalmi mun fita ƙofar masallaci sai mu bar wannan tarbiyya a ciki?

A waje, sunayen da muke ba su kun san su: shashasha, sakarai, mashiririci, malalaci, wanda ba ya abin kai. Suratul Hujurati ta hana mu yi wa juna izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan sunaye safe da yamma, kafin ya yi gemu ya riga ya yarda shi ba komai ba ne. Bincike ya nuna masu wannan lalura da ba su samu kulawa ba sun fi saura shiga haɗarin shaye-shaye, da haɗarin hanya, da ciwon damuwa. Duk mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ba na cewa duk ɗan ƙwaya wannan ce matsalarsa. Ina cewa a cikinsu akwai wanda natsuwa yake nema ya bi ta ɓarauniyar hanya, domin babu wanda ya nuna masa ta gaskiya.

Lalura ba ta yafe bashi

Yanzu kuma gare ku, ku masu fama da ita. Kar wani ya fita daga nan ya ce Malam ya ba mu lasisi. Allah Yana yafe zunubin mantuwa, amma haƙƙin mutane yana nan. Wanda ya manta salla, idan ya tuna zai rama. Wanda ya manta bashi, idan ya tuna zai biya. Wanda gaggawarsa ta jawo wa wani asara, zai nemi afuwa ya gyara. Sanin sunan lalura ƙarin nauyi ne ma, domin yanzu ka san inda rauninka yake. Mai ciwon suga da ya san ciwonsa ba ya zama gaban faranti ya ce ƙaddara. Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, ya kuma umarce mu da neman magani.

Maganin asibiti akwai shi. Ba ya cire lalurar daga tushe, amma yana rage ta sosai ga mutane da yawa. Sai dai wasu daga cikin magungunan masu ƙarfi ne, doka ta tsare su, likita kaɗai ke rubutawa kuma ya riƙa bibiya. Ba a saye a bakin tasha, ba a karɓa daga hannun aboki. Nan Ibadan akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na UCH, akwai asibitin Aro a Abekuta, akwai na Yaba a Legas. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, ba mu hana ba, a haɗa su da zuwa asibiti.

Ɗan'uwa da ɗan'uwa

Amma likita sau ɗaya za ka gan shi a wata, ko ma fiye. Sauran kwanakin fa? Nan ne aikinmu yake. A Aro ɗin nan da na ambata, a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari da ya yi suna a duniya: maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Cututtukan da ya yi wa wannan tsari daban ne da wadda muke magana a kai, amma darasin ɗaya ne: mutum ya fi samun sauƙi a cikin mutane.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da aka kafa Sabo a 1916, da me iyayenmu fataken shanu da goro suka rayu a ƙasar da ba tasu ba? Baƙo ya sauka gidan maigida, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa a kan bashi. Kafin su kuma, da Muhajirai suka isa Madina, Annabi haɗa su ya yi bibbiyu da Ansaru. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya kasa daidaita ibadarsa da haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Bai yi masa dogon wa'azi daga nesa ba. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare, ya kwana wurinsa, duk lokacin da ya yunƙura zai tashi ya ce ya koma ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare. Da labari ya kai ga Annabi, ya gaskata Salmanu.

Irin wannan muke so mu farfaɗo. Ɗan'uwan da na ba ku labarinsa ya samu wasu mutum uku masu irin halinsa, sun fara zama a nan masallaci sau ɗaya a mako. Ya ce ranar farko da ya ji wani dattijo yana ba da labarin yadda ya je banki sau biyu ya bar takardar a gida, dariya suka yi har da hawaye, domin karon farko ke nan da ya faɗi nasa ba a kalle shi a wulaƙance ba. Wanda ya sha irin ruwan da ka sha, ba sai ka yi masa rantsuwa ba kafin ya yarda da kai.

Ga abin da suka tsara wa kansu, kuma na ga amfaninsa.

Sun ɗaure ayyukansu a jikin salloli biyar, tunda agogo yana kuɓuce musu amma kiran salla ba ya wuce kunne. Bayan asuba kowa ya rubuta abu uku kacal da zai yi ranar, ya tura wa abokinsa. Bayan azahar abokin ya kira: an yi na farko? Bayan magariba su zauna bibbiyu, kowa ya ƙirga cinikinsa a gaban ɗan'uwansa. Aikin da mutum ya yi wata yana gudu, idan wani na zaune kusa da shi, ko bai ce uffan ba, sai ka ga ya yi shi.

Sun ɗauki ayar bashi da gaske. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma ta ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ka'idarsu ita ce buhu ba ya barin rumfa sai an rubuta. Boko ko ajami, duk ɗaya. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya yi saƙon murya nan take, ya tura wa abokinsa.

Sun raba uwar kuɗi da kuɗin aljihu, asusu daban-daban. Duk sayayyar da ta wuce wani adadi da kowa ya yanka wa kansa, sai ta kwana, an yi shawara, an yi istihara. Dillali ya ce yanzu ko a rasa, su ce a rasa ɗin.

Zaman kansa yana da ladabi. Abin da aka faɗa amana ne, ba ya fita. Ba a rubuta wa juna magani. Ba a rance a tsakani, don kar kuɗi ya ɓata zumunci. Wanda ya faɗi a makon nan, ba gori, a tambaye shi me ya hana, a sake ɗaura niyya. Kuma ba a wuce awa ɗaya, don sun san kansu.

Ga iyayen gida da iyalai

Alhazai masu yara a shago, ku ji wannan. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya gaya wa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, cewa yana ganinsa mai rauni, ya hana shi shugabantar ko mutum biyu, ya hana shi riƙon dukiyar maraya, ya kuma faɗa masa cewa abin da yake so wa kansa ne yake so masa. Abu Zarrin nan kuwa shi ne aka yi wa shaidar gaskiyar harshe. Darajarsa ba ta ragu ba, an dai ɗauke masa kayan da ba nasa ba. Yaronka da ya kasa riƙe littafin lissafi, wataƙila babu kamarsa wajen jawo mai saye, ko sauke mota, ko zagaya kasuwa ya gano farashi. Sa shi inda zai yi ƙarfi, ka haɗa shi da mai natsuwa a kan kuɗi. Annabi Musa ma ya roƙi Allah Ya ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, don ya fi shi fasahar harshe. Idan za ka aike shi, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, ka sa ya maimaita maka. Wannan ya fi maka arha a kan jarin da zai narke.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, mun san kuna haƙuri. Matar mai wannan lalura takan zama ita ce agogonsa, ita ce littafinsa, har ta gaji. Gajiyarki gaskiya ce, kuma nauyin bai kamata ya zama naki ke kaɗai ba, dalilin wannan zama ke nan. Ku kuma maza, idan matarka ce ke barin tukunya a wuta, ta manta zubin adashi, ta fara shara ta koma wanki ba ta gama ko ɗaya ba, kuma iyayenta sun ce tun tana yarinya haka take, kafin ka ce raini ne, kafin ka furta kalmar da za ka yi nadama, kai ta ta ga likita. Gidaje nawa suka mutu a kan abin da yake da magani?

Zaman maza yana gudana kowace Lahadi bayan la'asar a nan masallaci. Malaman Islamiyyar matan aure sun amince su buɗe na mata, za su sanar da rana a aji. Wanda yake jin nauyin shigowa gaban mutane ya same ni ko na'ibi a keɓe, babu wanda zai ji. Wanda kuma ba shi da lalurar amma Allah Ya ba shi natsuwa da tsari, muna neman irinku ku riƙe hannun mutum ɗaya. Kiran waya ɗaya bayan azahar sadaka ce.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Ka sanya natsuwa a zukatanmu, Ka yi albarka a kasuwancinmu, Ka biya wa masu bashi bashinsu. Ka shirya mana zuriya, Ka tsare matasanmu daga shaye-shaye. Ka yafe mana sunayen da muka kira bayinKa da su cikin jahilci. Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu masu masaukinmu, Ka kai matafiyanmu gida lafiya, Ka ji ƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.